Na Je Madina Binciken Mai Ƙwallon Kulki

Tun da na dawo daga Madina ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwa duk wanda ya zo sai ya matso kusa da ni ya ce, "To Malam Haladu, yaya aka ƙare da mai ƙwallon?" In na faro daga farko, kafin in kai tsakiya wani ya iso ya ce a koma baya. Dabinon tsaraba ya ƙare, zamzam ya ƙare, tambaya ta ƙi ƙarewa. Shi ya sa na zauna na rubuta labarin, duk wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa.

Yayana Sabo tela ne. Ya tafi aikin Hajji tun muna samari, ya ga Madina ya ce ba inda za shi. Can ya auri Hajiya Zahra'u, Bahaushiya 'yar Sudan, can kuma Allah Ya yi masa rasuwa 'yan shekarun baya. Ya bar 'ya ɗaya tilo, Nawal, wadda ke aiki a wani kantin magani. Bayan ƙaramar salla Hajiya ta kira ni a waya.

"Haladu, 'yarka ta samu miji, in dai miji za a kira shi."

"Mece ce sana'arsa?"

"Wasa. Besbol suke ce masa. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya ruga a guje. Shi ne mudarrib, mai koya wa 'yan kwaleji. Gardi da gemunsa. Kai ne waliyyi, ka zo ka gani da idonka, ni bakina ya gaji."

Ni malamin gona ne mai ritaya, na zaga ƙauyuka ba iyaka, amma ban taɓa jin wanda ke cin abinci da kulki ba in ba ɗan doka ba. Dama ina da niyyar umara, sai na haɗa biyun.

Matata ta cika jaka guda da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, wai tsarabar Hajiya. Goro kuwa, mai kamfanin tafiyar ya ce ko ɓari kada in ɗauka, an hana shiga da shi. Ni da goro ba mu taɓa rabuwa ba tun ina saurayi, don haka tun daga filin jirgin Kano bakina ya fara neman abin yi. A cikin jirgi na zauna kusa da wani tsoho daga Damagaram wanda bai taɓa hawa ba. Da jirgin ya ɗaga sai ya damƙe hannuna yana karanta duk surar da ta zo bakinsa. Da aka kawo abinci ya sake ni ya ci nasa tas, ya tambaye ni ko zan ci burodina.

A Jidda wajen jami'an shige da fice aka ce in ɗora yatsa a kan wata na'ura. Ta ƙi ni. Jami'in, wani saurayi mai fara'a, ya ba ni mai na shafa, ta sake ƙi. Fartanya ta riga ta shafe zanen yatsuna. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, layi na tsawo a bayana, sai da muka kai ƙaramin yatsan hagu, wanda bai taɓa tsinana komai a gona ba, sannan ta yi ƙara ta yarda. A wajen binciken kaya kuma aka buɗe jakar matata, daddawa ta yi sallama tun kafin a kwance ƙullin. Jami'i ɗaya ya ja da baya yana toshe hanci. Na biyun, wani baƙi mai ƙiba, ya sunkuya ya shinshina, ya yi murmushi ya ce, "Daddawa. Kakata." Hausar da yake da ita ke nan, ta kuwa ishe mu. Ya ɗaure jakar da kansa ya ce in wuce.

Daga nan na hau babbar mota zuwa Madina. Hanya ce santal, ba rami ba shingen 'yan karɓar na goro, hagu da dama baƙaƙen duwatsu kamar an ƙone ƙasar. A wani wuri muka tarar da birai zaune a bakin titi suna jiran matafiya su jefa musu ayaba. Mun tsaya a wata tasha muka yi salla, aka kawo shinkafa a faranti mai faɗin faifai da rabin kaza a kai. Na zauna ina jiran miya har abokan zamana suka ci rabi, sannan na gane babu wata miya da ke tafe.

Abin da na ji da na tsaya a Masallacin Annabi na yi sallama, ba zan iya rubuta shi ba. Wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah Ya kai shi.

Gidan Hajiya yana Harra ta Gabas, unguwa ce mai tsofaffin benaye da matsattsun lunguna, kyanwowi sun fi awakin garinmu yawa. Tana ganina ta ce, "Ka tsufa, Haladu. Da na ce in aka rasa mai aurena kai ne, yanzu na fasa." Na ce ai ni ma na zo ne in janye takarata. Wasan ƙanin miji da matar wa ba ya tsufa. Nawal ta fito ta sumbaci goshina, haka suke gaida manya a can, ba a durƙusawa. Doguwa ce kamar ubanta, tana magana Hausa rabi Larabci rabi, in kalma ta ɓace mata sai ta kaɗa yatsu har ta dawo.

Aka sauke ni a wani ɗaki a saman bene mai na'urar sanyaya ɗaki. Na rasa inda ake kashe ta, kunya ta hana ni tambaya, na kwana cikin bargo da hula a garin da kwalta ke narkewa. Da safe aka kawo wake da aka dama da man zaitun, da wani faffaɗan burodi da suke kira tamis, da shayi mai na'ana'a. Na tambayi koko, Hajiya ta ce in na koma gida na sha.

Da la'asar manemin ya zo gaisuwa, shi ma ya sumbaci goshina. Sunansa Majid, dogo baƙi mai faɗin kafaɗa, cikin farar jallabiya. Ɗan ƙasa ne, kakanninsa ne suka zo daga ƙasar Kano. Na yi masa Hausa ya ji tsaf, amma sai ya amsa da Larabci. Larabcina na allo ne, ba ya sayen ko albasa. Can muka gano muna da Turanci a tsakani, nawa na kwas ɗin aikin gona, nasa na Amurka mai fita ta hanci. Haka muka yi ta yi, Hausawa biyu da harsuna uku. Na ce masa ina son ganin wurin aikinsa da waɗanda yake aiki da su.

"Abshir, ya ammi," in ji shi, wato an gama, Baffa.

Washegari ya ɗauke ni a motarsa zuwa kwalejin, can bayan Harra ta Yamma. Filin nasu asalinsa na ƙwallon ƙafa ne, an yanka musu gefe. Ga yadda wasan yake, gwargwadon fahimtata. Mai jifa na tsaye a tsakiya, mai kulki na jiransa. In ya make ƙwallon ta yi nisa, sai ya ruga ya zaga zango uku ya dawo gida kafin a tsinto ta a riga shi. In ya kai duka sau uku bai samu ba, ya fita. Masu tsinta kowa na sanye da safar hannu ta fata mai girman ƙwarya.

Masu horarwa su uku ne. Babbansu Kaftin Usman, dattijo siriri mai furfura da usur a wuya. A can kowane koci Kaftin ake ce masa, ko bai taɓa ganin bariki ba. Ya tare ni da Hausa garau irin ta Sudan.

"Marhaba da baffan amarya."

"Ba a kai nan ba tukuna, Kaftin."

"To marhaba da alƙali. Zauna a inuwa, ka tambayi abin da kake so."

Na ce ya fara da kansa. Ya ce an haife shi a wani ƙauye a bakin kogin Nilu, inda kakanninsa suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka da ƙafa, zangon ya zama gari. Yana yaro aikinsa korar tsuntsaye daga gonar dawa da majajjawa. Wani malamin makaranta ya ga yadda yake jifa, ya ba shi mashi na wasanni, ya yi ta cin gasa har ya wakilci lardinsu. Daga nan ya karanci koyar da motsa jiki, ya samu aiki a wata firamare a Madina, ya shekara fiye da ashirin yana koya wa yara tsalle da gudu kafin a mai da shi kwaleji.

"To besbol fa, a ina ka buga?"

"Ban taɓa bugawa ba a rayuwata," ya ce, ko a jikinsa. "Da aka ce kowace kwaleji ta ɗauki sabon wasa, aka tara mu malamai aka ce wa ke so. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuma na fita shan ruwa, na dawo na tarar an zaɓe ni. Aka tura ni kwas na 'yan makonni, na dawo da littafin dokoki da ciwon kai. Abin da na iya shi ne yara. Na san wanda za a yi wa tsawa da wanda za a dafa wa kafaɗa, na kuma san lokacin da ake shiga ofishin shugaba a roƙi kayan wasa. Wasan kansa kuwa, sai da Allah Ya kawo mini Majid."

Muna cikin haka na ji an kama kafaɗuna ta baya da hannaye kamar na maƙeri. Kafin in waiga an murɗa ni, bayana ya yi ƙara ƙas.

"Wannan bayan ya sha kujerar mota," in ji mai hannayen. "Yanzu ka ji daɗi?"

Gaskiya na ji daɗi, bayan na tabbatar ban karye ba. Shi ne na biyunsu, Idi Barka, gajere kakkaura mutumin Chadi. Shi ke kula da ƙarfin jikin 'yan wasa. Ya ce ɗan kokawa ne a da, ya kayar da maza a ƙauyuka da yawa, har ranar da wani ya ɗaga shi ya buga da ƙasa ƙashin kafaɗarsa ya tsage. Maɗorin da ya yi masa ɗori ya riƙe shi a gidansa, ya warke, ya zauna ya koyi sana'ar. Da ya zo ƙasar nan ya fara da tura tsofaffin alhazai a keke, ya koma gidan burodi yana kwaɓa fulawa, sannan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗauke shi tausa. Can ya yi karatun yamma ya samu takardar shaida.

"Kwaɓa fulawa da tausa duk ɗaya ne," ya ce, "sai dai fulawa ba ta ihu. A nan kuma babban aikina koya musu faɗuwa. A wasan nan in za ka isa zango sai ka zube ƙasa ka sulale. Yaran birni ba su iya faɗuwa ba, sai su tokare da hannu su karye. Ɗan kokawa kuwa faɗuwa ya fara koya."

Labarin Majid, Kaftin ne ya ba ni mafi yawansa, don shi ba ya son yabon kai. Ubansa direba ne a unguwar ma'aikatan man fetur can gabashin ƙasar, inda Amurkawa ke zaune da iyalansu. Yana ƙarami yakan tsaya bayan waya yana kallon 'ya'yansu na wasan, wata rana suka rasa cikon mutum suka kira shi. Hannunsa ya fi na kowa. Da ya gama sakandare ya samu tallafin karatu a Amurka, ya yi wa wata ƙaramar kwaleji jifa, har jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke likita ya ce jifa ya ƙare. Ya ƙarasa karatunsa ya dawo, ya yi aiki da wata ƙungiya a gabas. Yanzu da safe malami ne a aji kamar kowane malami, da albashinsa, da yamma yake koya wa yara jifa. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, don Hajiya ba ta faɗa mini zancen aji ba.

Kafin mu tashi Idi ya nace sai na gwada. Aka kifa mini hular kwano, aka ba ni kulkin. Majid ya jefo ƙwallon a hankali kamar mai ba jariri. Na kai duka da ƙarfina, hannun babbar riga ya naɗe kulkin, na juya sau ɗaya da rabi na zauna daɓas. Yara suka yi ta ƙoƙarin ɓoye dariya. Idi ya ce faɗuwar dai ba laifi, akwai ɗan gyara kaɗan.

Ranar Asabar suka yi wasa da wata kwaleji daga bakin teku. Aka ba ni kujera a gaba. Da farko na yi ta tafi a inda bai kamata ba, har wani ɗalibi ya raɗa mini cewa waɗanda nake yabo baƙi ne. Wasa ya yi nisa, baƙi na gaba da ci ɗaya. Sai wani yaronmu ya rugo daga zango na uku ya zube ya sulale zuwa gida, ƙura ta tashi, ƙwallo ma ta iso. Alƙalin wasa ya ce ƙwallo ce ta riga.

Ban ankara ba sai na ga Majid a tsakiyar fili. Wannan saurayi mai sanyin murya da ya sumbaci goshina, shi ne ya cire hularsa ya buga da ƙasa, yana ɗaga murya a fuskar alƙali, jijiyoyin wuyansa a miƙe. Kaftin ya je ya riƙe shi, ya fizge. Alƙali ya nuna masa ƙofa. Ya fita, aka ƙarasa wasan ba shi, baƙi suka cinye mu.

Majid ya mai da ni gida a motarsa. Sai da muka tsaya a ƙofar gidan Hajiya ya ce, idonsa a kan sitiyari, "Na ji kunya, ya ammi." Na ce Allah Ya huci zuciya, na shige.

Abin ya tsaya mini a rai. A yawon aikina na ga matan da ke rage murya in sun ji takun mijinsu a zaure, ban kuma so 'yar Sabo ta zama cikinsu. Ban gaya wa Hajiya ba, don na san abin da take jira ke nan. Da safe na kira Nawal na faɗa mata duk abin da na gani.

"Na sani, Baffa," ta ce. "Ranar da na fara ganinsa ma faɗa yake yi, kuma da ni. Ya kawo wani ɗalibi hannunsa a kumbure, yana ta faɗa wai na ƙi ba shi magani. Na bar shi ya gama, na nuna masa abin da yake nema ba shi likita ya rubuta ba. Washegari ya dawo ya ba ni haƙuri a gaban mutane."

"Ba da haƙuri ba wuya, Nawal."

"Sahih. Shi ya sa na zauna da ƙannensa mata, ni da su kawai, na tambaye su. Sun ce a gida su ke yi masa faɗa. Baffa, ni ba yarinya ba ce, na duba kafin in so."

Na koma wajen Kaftin na tambaye shi kai tsaye. Bai yi kwana-kwana ba.

"Yana da zuciya, ba zan ɓoye maka ba. Ba kullum ba ne, kuma duk sanda ta tashi a kan yaro ne da yake ganin an zalunta. Amma laifi laifi ne. Wasa na gaba a cikin 'yan kallo zai zauna, na riga na gaya masa. Shi kuma tun da safe ya je ya sami alƙalin ya ba shi haƙuri, ban aike shi ba. Abin da na sani ke nan. Yadda zai zama a cikin gida kuwa, ban taɓa aurensa ba."

Na bi sauran hanyoyin da ake bi. Na yi salla a masallacin unguwarsu na tambayi liman, na tsaya wajen mai kantin lungunsu na sayi ruwan da ba na bukata. Ba wanda ya faɗi aibu. Sannan aka gayyace ni cin abinci a gidansu a Harra ta Yamma, inda yake zaune da mahaifiyarsa da kakarsa, Hajja Mairo.

Tsohuwar ta zo ƙasar tana ƙaramar yarinya, a bayan jaki da a kan akori-kura, kuma Hausarta tana nan yadda ta baro ta. Ta tambaye ni ko har yanzu ana kashe anini. Aka kawo tuwo da miyar kuka, da tsire wanda su suke kira siriya. Na gyara zama zan fara tambayoyina, sai ta riga ni.

"Kai ɗan wane ne? Me kake yi?"

"Malamin gona ne, Hajja, na yi ritaya."

"Malamin gona. Wato hukuma ta biya ka ka je ka koya wa manomi noma?"

"Haka ne."

"To ashe kai ma kuɗin wasa ka ci."

Duk ɗakin aka fashe da dariya, har da ni. Da na kawo zancen zuciyar Majid sai ta ɗaga hannu. "Kada ka tambaye ni, ni kakarsa ce, ƙarya zan yi maka. Abin da zan faɗa ɗaya ne. Gadon kakansa ne, wutar kara, kuma na zauna da kakan har ya mutu bai taɓa nuna ni da yatsa ba. In wannan ya bambanta, ƙofata a buɗe take ga yarinyar, shi ne zai kwana a waje."

Ban ce duk shakkata ta tafi ba, wa ya san gobe in ba Allah ba. Amma na ga inda Nawal za ta shiga, na kuma ga akwai masu tsaya mata. Saura Hajiya. Na same ta da yamma a saman bene tana tankaɗen kukar da na kawo. Na faɗa mata komai, har da buga hula da ƙasa. Na zaci za ta yi tsalle ta ce ai ta faɗa, sai ta ci gaba da tankaɗe.

"Yaya Zahra'u," na ce, "ba kulkin ne ya dame ki ba, ko?"

Ta ajiye rariya. "Haladu, na tsufa a garin nan amma har yau baƙuwa ce ni, iƙama, takardar izinin zama, ita ce ke riƙe da ni. Mutanena na Sudan yaƙi ya watsa su. Yayanka ya tafi. Masu wasan nan yau suna nan, gobe an kira su gabas ko Amurka. In ya ɗauke ta, wa zai ƙwanƙwasa mini ƙofa da safe?" Ta share ido da gefen mayafi, ta ce garin kuka ne ya shiga mata.

Na sa aka kira Majid, na ce ya zo da Kaftin da Idi su zama shaidu. Muka zauna a falon Hajiya, ita da Nawal suna bayan labule. Kaftin ya yi mana tafinta don kada wata kalma ta faɗi a hanya. Na ce sharaɗina biyu ne. Na farko, muddin Hajiya na raye, Nawal ba za ta bar Madina ba.

Majid ya ce aikin da ya baro a gabas ya fi wannan albashi nesa ba kusa ba. Ya baro shi ne don bayan rasuwar ubansa mahaifiyarsa ta ce ita Madina za ta koma kusa da tata uwar. "Uwa ɗaya ce ta dawo da ni," ya ce. "Yanzu za su zama biyu. Ina zan je?" Ya ƙara da cewa zai nemi gida a tsakanin unguwannin biyu, kowace tsohuwa ta samu rabonta.

"Na biyu," na ce, "ranar da ka yi wa Nawal irin ihun da ka yi wa alƙalin nan, ba daga fili za a kore ka ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya kuma yarda. Idi ya ce in hakan ta faru a bar shi da shi, bai manta kokawa ba. Daga bayan labule Hajiya ta ce, "Haladu, tambaye shi ko yana cin miyar kuka, don ni ba zan koyi wani girki da tsufana ba." Nan na san an gama. Na ce na ba shi, aka yi fatiha, aka kawo gahawa da dabino. Ɗaurin aure sai izinin hukuma ya fito, tunda shi ɗan ƙasa ne ita kuwa ba haka ba, na wakilta limamin unguwar ya tsaya a madadina.

Ranar da zan wuce Bi'ir Ali in ɗauki harami in nufi Makka, Nawal ta roƙe ni abu ɗaya. Mata ba sa shiga maƙabartar Baƙi'a, ita daga bayan katanga take yi wa ubanta addu'a. Ta ce in shiga in gaya masa. Bayan sallar asuba muka shiga ni da Majid, da wani maƙwabcin Hajiya da ya halarci jana'izar Yaya Sabo. Kaburburan duk iri ɗaya ne, tudun ƙasa da ɗan dutse, ba suna ba alama. Maƙwabcin ya kai mu wani sashe ya ce, "A nan wajen ne, tsakanin nan da can."

Na tsaya na yi sallama ga mutanen wurin baki ɗaya, na yi musu addu'a. Sannan na ce a hankali, "Yaya, na ba da Nawal. Ga yaron nan a bayana. Na bincika iyakar iyawata."

Majid na tsaye hannayensa a sama, tantabaru na sauka suna tashi a tsakanin kaburbura. Yaya Sabo mutum ne mai gardama, tun muna yara ban taɓa kawo shawara ya bar ta yadda take ba. Na daɗe a tsaye a wurin, kamar mai jiran ya ce ba haka ake yi ba.